Warhammer 40,000: Yaƙin duniyoyi a kan tebur

Yau wasa na kawo muku, amma ba na waya ba, ba na kwamfuta ba. A kan tebur ake buga shi, ido da ido.

Sunansa Warhammer 40,000. Kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila ne ya fitar da shi a 1987, bugu na goma kuma ya fito a 2023. Labarinsa ƙirƙirarre ne: wajen shekara ta 40,000, 'yan Adam sun bazu a duniyoyin sararin samaniya suna ta yaƙi da wasu halittu, irin su Orks da Tyranids.

Sojojinka 'yan ƙananan mutum-mutumi ne na roba. Kuma fa a warwatse suke zuwa cikin kwali: kai za ka yanko su, ka manna da gam, ka yi musu fenti. Wani sai ya shafe wata guda yana fenti bai buga ko sau ɗaya ba.

In an zo wasa, da tef ake auna tafiyar soja, inci-inci, kamar tela na awon yadi. Harbi kuwa da ɗan lido ne mai fuska shida. Ka jefa ka ga ko ka samu, ka sake jefawa ka ga ko ka raunata, sannan abokin karawarka ya jefa nasa ya ga ko sulke ya tare.

Abin da ya fi burge ni shi ne, yawan kisa ba ya ba ka nasara. Zagaye biyar ake yi, kuma akasarin maki na wanda ya riƙe muhimman wurare ne a filin. Sai ka ga mutum an kusa ƙarar masa da runduna amma shi ya ci, don ya san inda zai tsaya. Sa'a na da nata rabon, amma lissafi ya fi.

Inda nake da ƙorafi: tsada da cin lokaci. Cikakken wasa na maki 2,000 kan kai awa uku, ga kuɗin sojoji, ga fenti, ga littafin dokokin rundunarka daban. Gaskiya ba wasan mai ƙaramin aljihu ba ne.

In kana sha'awa, kar ka fara da babbar runduna. Akwai Combat Patrol, kwali ɗaya da kwali ɗaya, ko Kill Team da ake bugawa da sojoji kamar goma. Ku haɗa kuɗi kai da abokinka, ku gwada tukuna.