AIKIN DARE, BARCI DA MOTSA JIKI

Hausawa na cewa dare mahutar bawa. Amma akwai jama'a da yawa a ƙasar nan waɗanda dare shi ne lokacin neman abincinsu, kamar su nas-nas da ungozomomi, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, masu gadi, ma'aikatan masana'antu, da direbobin manyan motoci. Da yawansu suna son su riƙa motsa jiki domin su zauna da ƙarfinsu, amma sau da yawa lokacin barci suke yanka su ba wasanni. Wannan kuwa kuskure ne. Barci shi ne farko, motsa jiki yana biye.

Agogon Cikin Jiki

Allah ya halicci ɗan Adam da wani agogo a cikin ƙwaƙwalwarsa, wanda ke zagayowa a cikin kusan awa 24, haske kuwa shi ke daidaita shi. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shirya jiki domin barci. Da goshin asuba, wajen ƙarfe 4 zuwa 5, zafin jiki yakan sauka ƙwarai, hankali ya yi nauyi. A shekarar 2017 aka ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel saboda gano yadda wannan agogo yake aiki.

Ma'aikacin dare yana aiki ne a sa'ad da jikinsa ke neman kwanciya, yana kwanciya a sa'ad da jikin ke neman tashi. Shi ya sa barcin rana yakan zama gajere, mai yankewa, alhali baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowace rana. Abin da ya rage bashi ne, jiki kuwa ba ya yafe shi. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa yakan raunana kamar na wanda ya ɗan sha barasa. In abin ya daɗe, yakan ƙara haɗarin hawan jini, ciwon suga, ƙiba da ciwon zuciya.

Yadda Za A Tsara Barci

Ga misalin wanda ke tashi daga aiki ƙarfe 7 na safe, ya koma ƙarfe 9 na dare. Da ya isa gida, ya ci abinci mara nauyi, ya yi wanka, ya kwanta wajen ƙarfe 8. Kada ya tsaya hira ko cefane a hanya, domin hasken hantsi yakan kori barci. Ya tashi wajen ƙarfe 1 na rana don sallar azahar da cin abinci. Bayan magariba ya sake kwanciya na awa ɗaya ko fiye kafin ya fita. Raba barci gida biyu haka ya fi a bar shi da giɓi.

Ɗakin barci ya kasance da duhu da iska. A sa labule mai kauri a taga, a kashe waya da rediyo. Ya kamata kuma a riƙe lokacin kwanciya guda, kada a riƙa sauya shi kullum.

Lokacin Motsa Jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarar da ta bayar a 2020, ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 a mako yana motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri ko hawan keke, sa'an nan ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Wato minti 30 a rana har kwana 5 ya wadatar.

Lokacin da ya fi dacewa ga ma'aikacin dare shi ne bayan ya yi barci, wato bayan la'asar, sa'ad da rana ta yi sanyi. Dalili kuwa shi ne, a cikin barci mai nauyi ne jiki ke gyara tsokar da ta wahala. Wanda ya taso daga aiki ya zarce filin ƙwallo ko wurin ɗaga ƙarfe ya tara gajiya a kan gajiya, ya jinkirta barcinsa, kuma ya fi saurin yin targaɗe. A bar wasanni masu tsanani sai ranakun hutu. Ranar da barci ya gaza ƙwarai, 'yar tafiya da miƙe gaɓoɓi sun isa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita kafin ya fara.

Abinci Da Abin Sha

Babban abinci a ci shi kafin a fita aiki, da tsakar dare kuwa a taɓa kaɗan, a sha ruwa sosai. Goro, shayi da gahawa suna ɗauke da sinadarin da ke hana barci, wanda rabinsa yana nan a cikin jini bayan kamar awa 5. Saboda haka a daina su tun tsakiyar aiki. A guji ƙwayoyin ƙarin kuzari irin su tramadol, da maganin barci ba da izinin likita ba. Direban da ya ji gyangyaɗi ya tsaya a wuri amintacce ya runtsa na minti 20, gama barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Haƙƙin Iyali Da Shugabannin Aiki

Ma'aikaci shi kaɗai ba zai iya ba. Iyali su san cewa barcinsa na rana ba lalaci ba ne. A janye yara daga ƙofar ɗaki, a ɗage daka da aike-aike, baƙi kuma su dakata sai la'asar. Shugabannin aiki su ma da nasu. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan aikin dare, ta shekarar 1990, ta tanadi cewa ma'aikacin dare yana da haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta. Ya kyautu kuma kada a jera wa mutum darare masu yawa ba hutu.

Duk wanda rashin barci ya dame shi har makonni, ko yake yawan gyangyaɗi a bakin aiki, ya je asibiti mafi kusa. Lafiya uwar jiki, rigakafi kuwa ya fi magani.