Kafin a yi wa kwamfutarka fomatin saboda faifai

Daga shagunan buga takardu na Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, magana ɗaya ake yi duk sa'ad da kwamfuta ta ƙi karɓar sabon faifai: wai bairos ya shige ta. Wasu har da ƙara gishiri, cewa kamfanin Microsoft ne ya toshe buga faifai a sabuwar Windows don a daina kwafar fina-finai. Wannan ta biyun ba ta da tushe, domin Windows 10 da Windows 11 duk suna buga faifai ba tare da an ƙara musu wata manhaja ba. Ta farkon ce ta fi ɓarna, saboda hukuncin da ke biyo bayanta kullum shi ne "sai an yi fomatin". A goge komai, bidiyon bikin mutane da tafsirin azumin bara da aikin ɗalibai su bi ruwa, a sake ɗora Windows, a zura faifan, ya sake yin ƙememe.

Hujjar masu zargin bairos ita ce: ai kwamfutar tana kunna faifan fim lafiya lau, emti ne kawai ba ta gani. To, wannan ita ce babbar shaidar cewa matsalar a idon na'urar faifai take.

Faifan da muke kira emti ba wayam yake ba. Tun daga masana'anta an zana masa wani siririn layi da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, wanda in an miƙe shi ya haura kilomita 5. A jikin layin nan aka rubuta sunan masana'antar, da yawan abin da faifan zai ɗauka, da saurin da zai jure. Sai idon na'urar ya karanta wannan kafin kwamfuta ta yarda akwai faifai a cikinta. Duk wanda ya san gonakin Kadawa da ke shan ruwan dam ɗin Tiga zai gane abin da sauƙi. Gonar da masararta ta kai kafaɗa, ko mai raunin gani ya hango ta da almuru. Wadda aka yi wa huɗa ba a shuka ba kuwa, sai mai lafiyar ido ne zai ga kunyoyinta. Faifan kamfani, wanda aka danna rubutunsa da injin, shi ne gonar masarar. Yana mayar da haske sosai. Emti kunyoyi ne kawai a ƙarƙashin wani rini. Idon da ya fara gajiya, ko ƙura ta lulluɓe shi, kunyoyin ne za su fara ɓace masa.

Ƙura kuwa ba ma rashinta. Shago a bakin titi, ƙofa a buɗe tun safe, fankar kwamfuta tana zuƙar hazon hunturu wata da watanni. Ka danna maɓallin laftof tiren ya fito, ka haska tocilar waya: ga idon nan, ɗan gilashi mai shuɗi-shuɗi da bai kai ƙwayar wake ba, sau da yawa ya yi furu-furu. Tsinken goge kunne da ɗigon sifirit, a shafa a hankali ba tare da dannawa ba, a bari ya bushe. Kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga.

Abin da masu gyara da dama ba sa faɗa shi ne, hasken leza iri biyu ne a bayan idon. Na CD daban, mai tsawon zango nanomita 780 wanda idon mutum ba ya gani. Na DVD kuma ja ne, nanomita 650. Ɗaya na iya mutuwa ya bar ɗan'uwansa. Saboda haka a gwada emtin CD, a gwada na DVD. In ta karɓi ɗaya ta ƙi ɗaya, an gama bincike, ko sau goma aka yi fomatin lezar da ta mutu ba za ta tashi ba. A kuma duba rubutun da ke goshin na'urar. Wadda aka rubuta wa DVD-ROM karatu kawai ta iya, sai mai alamar RW ce ke rubutu. Tsofaffi cikinsu ma suna bambanta DVD-R da DVD+R, tsari biyu da kamfanoni suka yi ta jayayya a kansu.

Manhaja tana da nata laifin, amma alamarta daban ce: na'urar faifan ce dungurungum take ɓacewa daga jerin kayan kwamfutar. Wannan a shiga Device Manager a cire direbanta, a kashe a kunna, Windows za ta mayar da shi da kanta. Mai amfani da ta waje kuma, wadda ake jonawa ta USB, ya sani ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, buga faifai kuwa yana cin wuta fiye da karatu. Shi ya sa wasunsu ke zuwa da waya mai baki biyu.

Sai faifan kansa. Zamanin da kasuwar Ƙofar Wambai ke cike da katan-katan na faifan fina-finan Hausa ya wuce, harkar ta koma waya da masu tura fim a memori. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda ya yi suna wajen emti mai inganci, ya daina yi a 2015. Abin da ke isowa ƙauyukanmu yanzu galibi kwantai ne ko mai arha, an shanya shi a tebur cikin rana, rinin nan kuwa ba ya shiri da zafi. Kafin a zargi kwamfuta, a kai faifan wata kwamfutar a gani. Naira nawa ne emti ɗaya, in aka kwatanta da aikin shekara da za a goge?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ofisoshi da makarantun da har yau suke cewa sai an kawo musu takarda a faifan CD. Tun 2008 kamfanin Apple ya fito da laftof ɗin MacBook Air ba ramin faifai, sauran kamfanoni suka bi sahu. Ɗalibi ya taso daga Doguwa ya sha wahalar neman inda za a buga masa, alhali mai karɓar faifan wataƙila ba shi da abin da zai buɗe shi. Filash ko imel sun wadatar, in da za a sake duba ƙa'idar.

Kai kuma mai shago, duk wanda ya ce zai yi maka fomatin saboda emti, ka ce ya fara goge idon ya gwada faifai biyu a gabanka. In kuma dole sai an yi, ka kwashe kayan mutane a wani wuri tukuna.