Yawa da Kaifi: Bayani a kan Daidaita Hasken Eksire

A shekarar 1895 ne Wilhelm Rontgen ya gano hasken nan mai ratsa jiki a ƙasar Jamus. Amma mai ɗaukar hoto bai mallaki linzaminsa sosai ba sai a 1913, sa'ad da William Coolidge ya ƙera kwalbar da ake iya daidaita abu biyu a cikinta, kowane daban, watau yawan haske da kaifinsa. Kalmar "ƙarfi" takan haɗiye su duka, saboda haka wajibi ne mai koyarwa ya raba su.

A cikin kwalbar, ƙwayoyin lantarki kan tashi daga zaren waya mai zafi su faɗa wa farantin ƙarfe, daga nan hasken ke fita. Yawansa yana bin lantarkin da aka saki da tsawon lokacin da aka sake shi. In an ninka ɗaya daga cikinsu, haske ya ninku, abin da jikin majiyyaci ya sha ya ninku, amma kaifi yana nan yadda yake. Yawan kibau ba ya ƙara wa baka tsauri.

Shi kuwa kaifi, watau iyawar ratsa jiki, yana bin kilobolt, ma'aunin ƙarfin da ke ingiza ƙwayoyin. Hoton hannu yakan bukaci 50 zuwa 60, na ƙirjin baligi kuwa 110 zuwa 125. In an ɗaga shi, haske ya ƙara ratsawa, amma bambancin ƙashi da tsoka a hoto ya ragu. Yawa ma yakan ƙaru: ƙarin kashi 15 cikin 100 yakan kusan ninka hasken da ke isa faifai.

Akwai kuma tacewa. Raunanan tsirkiyoyi ba su kaiwa faifai, a jiki suke maƙalewa, ga cuta ba amfani. Don haka bisa kilobolt 70 akan tace hasken da abin da ya kai kaurin milimita 2.5 na alminiyam. Da alminiyam ɗin ake auna kaifi: ana duba kaurin da zai rage haske zuwa rabi.

A da, in haske ya yi yawa, fim yakan yi baƙi ya tona kuskure. Na'urorin yanzu masu kwamfuta kuwa gyara hoton suke yi, ya fito tas, alhali majiyyaci ya sha fiye da kima. Wanda ya san bambancin yawa da kaifi shi ne zai kare shi.