Gero ko Dakwara: Shin Digiri Yana Biyan Wahalarsa?

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika ta batse da shanu, raƙuma, awaki, riɗi da zoborodo, daga Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. A cikin wannan hada-hada akan ga samari da yawa waɗanda ba su daɗe da kammala sakandare ba, wasu na dillanci, wasu na awo, wasu na lodi. Kafin faɗuwar rana kowannensu ya sami abin sawa a aljihu. Idan irin wannan saurayi ya waiwaya ya ga yayansa da ya gama jami'a yana zaune a gida yana jiran aiki, ba abin mamaki ba ne ya tambayi kansa: shin karatun digiri yana biyan wahalarsa kuwa?

Wannan tambaya tana damun ɗalibai da iyaye a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, musamman da yake jami'a ta matso kusa. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, sannan Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa a 2013. Saboda haka ya dace a duba al'amarin da idon kimiyya, wato da awo da lissafi.

Darasi daga gona

Manomi ya san bambancin gero da dakwara. Gero yakan nuna cikin kimanin wata 3, a girbe, a ci, a sake shuka wani baɗi. Ita kuwa dakwara, wadda ake samun ƙaro daga jikinta, sai ta shekara 4 ko 5 kafin a fara tatsarta, amma daga nan za ta yi shekaru tana ba da amfani. A tsawon shekarun jira, tana zuba ƙarfinta ne wajen kafa saiwa. Shiga kasuwa daga sakandare kamar shuka gero ne, zuwa jami'a kuwa kamar dasa dakwara ne. Masanin tattalin arziki Gary Becker na Amurka ya bayyana ilimi a matsayin jari da ake zubawa a jikin ɗan'adam, a cikin littafinsa na 1964, kuma ya sami kyautar Nobel a 1992. Tun da jari ne, dole a lissafa abin da aka kashe da abin da zai dawo.

Abin da bincike ya nuna

A 2018 George Psacharopoulos da Harry Patrinos suka tattara sakamakon bincike daga ƙasashe masu yawa. Sun gano cewa, a matsakaici, kowace shekara guda ta karatu tana ƙara wa mutum kimanin kashi 9 cikin 100 na abin da yake samu.

To, amma a nan mai nazarin halittu zai ɗaga yatsa. Ta yaya za a tabbatar karatun ne ya kawo ƙarin? Wataƙila mai kaifin basira, ko ɗan gidan wadata, shi ne ya fi zuwa jami'a, kuma da ma zai yi arziki ko bai je ba. Domin warware wannan, Orley Ashenfelter da Alan Krueger suka yi dabara. A 1991 suka halarci bikin tagwaye da ake yi a garin Twinsburg na jihar Ohio a Amurka, suka yi hira da tagwaye masu kama ɗaya. Irin waɗannan tagwaye daga ƙwai guda suke fitowa, don haka ƙwayoyin halittarsu na gado iri ɗaya ne, kuma galibi gida ɗaya suka tashi. Sakamakon da suka buga a 1994 ya nuna cewa wanda ya fi zurfin karatu a cikin tagwayen yakan fi ɗan'uwansa samu. Ke nan karatu da kansa yana da tasiri, ba gado kaɗai ba.

Lissafi a aikace

Babbar tsadar jami'a ba kuɗin rajista ba ne kawai, har da kuɗin da ɗalibi zai samu da a ce aiki yake yi. Bari a gwada da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a wata a 2024. A ƙaddara saurayi zai iya samun wannan adadi a kasuwa. A shekara ya tashi naira 840,000, a shekara 4 kuwa naira 3,360,000. Wannan shi ne abin da ya sadaukar.

A ƙaddara kuma digiri ya ƙara masa kashi 40 cikin 100, wato kusan abin da kashi 9 na shekara 4 zai tara. Ƙarin zai zama naira 28,000 a wata, ko 336,000 a shekara. Idan aka raba 3,360,000 da 336,000, za a sami 10. Ma'ana, sai ya yi shekara 10 yana aiki kafin ya mayar da abin da ya rasa, ban da kuɗin makaranta, masauki da littattafai. Wannan misali ne kurum, amma yana koyar da abu biyu. Na farko, ribar tana jinkiri. Na biyu, wanda zai yi aiki na shekara 35 yana da sauran shekara 25 na cin riba.

Abubuwan da ke ɓata lissafi

Matsakaici ba alkawari ba ne. Abu na farko da ke rage riba shi ne ɓata lokaci. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ɗauki kimanin wata 9 a 2020, da wata 8 a 2022. Kowace shekara ta yajin aiki, ko ta zaman jiran aiki bayan bautar ƙasa, tana ƙara nauyin asara.

Abu na biyu shi ne darajar takardar kanta. A 1973 Michael Spence ya nuna cewa takardar shaida alama ce da mai neman aiki ke nuna wa mai ɗauka. A duniyar dabbobi ma haka ne: wutsiyar ɗawisu alama ce ta lafiya da ƙarfi, kuma tana da amfani ne domin ba kowane namiji ke iya mallakar mai kyau ba. Idan takardu suka yi yawa, guraben aikin gwamnati kuma ba su ƙaru ba, alama takan rage daraja. Abin da kan saura shi ne gwanintar da ke cikin kai.

Sai dai kuma kasuwa ma tana da nata haɗari. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. A irin wannan lokaci jarin ɗan kasuwa kan narke, amma ilimin da ke ƙirji ba ya bin rufe iyaka.

Inda ilimi da kasuwa suka haɗu

Kuskure ne a ɗauka cewa dole a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wannan matsala ce ta adana hatsi, kuma maganinta na hannun masana ƙwari da sinadarai. Haka nan, riɗi da zoborodo da ƙaro da ake fitarwa waje suna bukatar masu gwajin inganci, dabbobin da ke ƙetare iyaka suna bukatar likitocin dabbobi, ƙasar da hamada ke barazana gare ta kuma tana bukatar masana gandun daji. Ɗan Gagarawa ko Sule Tankarkar da ya karanci irin waɗannan fannoni, ya kuma san harshen kasuwa tun yana yaro, ya fi wanda ya riƙe ɗaya kaɗai.

Bugu da ƙari, jami'a ba ita ce hanya tilo ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana ba da shaidar malanta ta NCE cikin shekara 3, kuma mai ita yana iya ɗorawa zuwa digiri daga baya. Ga wanda rashin kuɗi ya tsare, an kafa asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, bisa dokar 2024, amma a tuna rance bashi ne, dole ya shiga lissafi.

Kammalawa

Kafin ɗalibi ya cike takardar JAMB, ya kamata malaminsa ya taimaka masa ya amsa tambayoyi uku. Wace gwaninta zai fito da ita? Wa zai biya kuɗi domin wannan gwaninta, ko da gwamnati ba ta ɗauke shi aiki ba? Wace sana'a zai riƙe a lokacin hutu da lokacin jira? Wanda ya iya amsa waɗannan, digiri zai biya shi. Manomi mai hikima yakan dasa dakwara a gonarsa, amma ba ya fasa shuka gero a tsakanin layuka, domin iyali su ci kafin ƙaro ya fito.