Kafin ka yarda a goge maka kwamfuta

Ina da ɗan shagon buga takardu, kuma daidai lokacin da ɗalibai ke haɗa furojet ɗinsu na kammala karatu ne kwamfutata ta fara nauyi. Sai ka danna abu ka zauna jira kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Wani dare na kalli bidiyon da ke koya yadda ake ƙara mata sauri: a buɗe msconfig, a kashe ƙananan ayyukan da ke tashi tare da Windows. Mai bidiyon ya ce a fara ɓoye na Microsoft kafin a kashe sauran. Wannan matakin ne ya kuɓuce mini. Na kashe duka, na sake kunna ta.

Da ta tashi sai ta ƙi karɓar lambar sirrin da nake shiga da ita. A cikinta akwai aikin ɗalibai bakwai, ɗaya daga cikinsu za ta kare nata ranar Litinin. Daren nan ban runtsa ba.

Mai gyaran da na fara kai wa ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce, "Alhaji, sai dai a yi fomat." Wato a share komai a zuba sabon Windows. Wannan kalma tana ɓata mini rai har yau, domin mutane da yawa sun rasa hotunan biki da takardun shekaru a kan matsalar da ba ta kai nan ba.

Wani matashi a shago na gaba ne ya kwantar mini da hankali. "Baba, kayanka suna nan daram. Ƙofa ce ta kulle, ɗakin lafiyarsa ƙalau." Ya bayyana mini cewa saitin Windows yana zaune ne a wani kundi da ake kira Registry, daban da inda takardu da hotuna suke. Abin da na ɓata shi ne saitin.

Ina tsaye a kansa ya riƙe maɓallin Shift ya danna Restart daga allon shiga. Shuɗin shafin gyara ya bayyana. Idan ma kwamfuta ta kasa kaiwa nan, in ta gaza tashi sau biyu ko uku a jere, Windows 10 da 11 suna buɗe wannan shafi da kansu. Ya bi Troubleshoot, ya shiga Advanced options, ya zaɓi System Restore.

Wannan dabara tsohuwa ce, tun Windows Me na shekarar 2000 take. Lokaci-lokaci, musamman kafin a girka sabuwar manhaja, Windows yana ajiye hoton saitinsa. System Restore yana mayar da kwamfuta yadda take a wannan rana. Ba ya taɓa takardunka, amma manhajar da ka girka bayan ranar za ta tafi. Mun tarar da ajiyar kwana tara da suka wuce. Cikin kusan rabin awa lambata ta buɗe.

Ya gargaɗe ni da abu biyu. A kwamfutoci da yawa wannan kariya a kashe take zuwa, kuma idan babu ajiya, babu inda za a koma. Dole mai kwamfuta ya kunna ta da kansa a System Protection. Sannan idan faifan yana kulle da BitLocker, za a nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai ita. Ko da duk wannan ya ƙi, akwai Reset this PC mai zaɓin barin fayiloli, kuma ana iya kwashe kaya zuwa wani faifai kafin a goge komai.

Kafin in bar shagon ya sa na rubuta mabuɗin nan a takarda, na ninke na saka a aljihun jaka. Ranar Lahadi da yamma ɗalibar ta zo, na miƙa mata babi biyar ɗinta a ɗaure.