Soyayyar Waya, Auren Abuja: Tambayoyin da Ba a Yi a Wajen Zance

A tsofaffin biranen Arewa zance yana da wuri, yana da lokaci. Saurayi ya aika yaro ya yi masa sallama da budurwa, a shimfiɗa tabarma a zaure, idon unguwa na kansu. Kafin a kai kuɗin gaisuwa iyaye sun riga sun san gidansu, sun san sana'arsa, sun san majalisar da yake zama. Wannan shi ne bincike, kuma shi ne ya daɗe yana tallafe da aure ta inda so kaɗai ba zai iya ba.

Abuja ba ta gaji wannan tsari ba. Tun da gwamnati ta tare a cikinta a ranar 12 ga Disamba, 1991, birnin ya zama matattarar baƙi. Ma'aikaci daga Gusau ya haɗu da ma'aikaciya daga Yola a Sakatariyar Tarayya, ko a Instagram, daga nan hira ta koma WhatsApp. Kowa yana nuna fuskar da ya zaɓa, a lokacin da ya zaɓa. Ana iya shafe shekara ana musayar kalamai masu daɗi ba tare da ɗayansu ya taɓa ganin yadda ɗan'uwansa yake idan ransa ya ɓaci ko aljihunsa ya bushe ba.

Ga kuma mafarkin da aka taso da shi. Yawancin littattafan soyayya da suka mamaye kasuwar Kano daga ƙarshen shekarun 1980, da finafinan Kannywood da na Indiya, labarinsu yana ƙarewa ne ranar ɗaurin aure, wato daidai inda ainihin aikin yake farawa. Akwai marubutan da suka leƙa bayan labule, irin su Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne, amma ba irin wannan labarin ne ke yawo a waya ba. Abin da ke yawo shi ne hotunan kamu da dina, anko da akwatunan lefe. Ba mai ɗora hoton takardar bashin da aka ci aka yi su.

To amma auren ma'aikaci da lissafi yake tafiya. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Kafin albashi ya shiga asusu an zare kashi 8 cikin ɗari na fansho, ga kuma haraji. Kuɗin haya na shekara ake biya a dunƙule. Saboda haka amaryar da ta yi mafarkin Maitama ko Asokoro, a Kubwa za ta tare, ko Lugbe, ko Mararaba, ko Suleja. Mai bin hanyar Nyanya ya san ma'anar wannan: a fita bayan asuba, a dawo bayan isha'i, a gajiye. Mijin da a da yake kiran waya sau biyar a wuni ba ƙaunar ya daina ba; cunkoson hanya ne ya cinye hirar.

Lamarin hadiman manya ya fi haka sarƙaƙiya. Ana ganinsu a ayarin motoci, a ɗakunan taro masu sanyi, sai a yi wa rogo kallon kitse. Alhali kusanci da mulki ba dukiya ba ne, lokacinsu ba nasu ba ne, kuma muƙamin siyasa yakan tafi tare da wanda ya ba da shi. Wasu kuma iyali na Kaduna, sai ƙarshen mako a bi jirgin ƙasa zuwa Rigasa. Irin wannan aure yana yiwuwa, amma sai an shiga shi da sani.

Shi ya sa akwai tambayoyin da ya kamata su riga lefe. A ina za a zauna? Matar za ta ci gaba da aiki, kuma idan an yi wa ɗaya canjin wurin aiki fa? A Musulunci ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyan miji, dukiyar mace tata ce. Idan za ta taimaka, a yi maganar a fili, kada a mayar da kyautatawa dole. Nawa kowannensu ke aikawa gida duk wata? Akwai bashin banki ko na ƙungiyar adashen ofis? Mene ne ra'ayin kowa game da ƙarin aure? Masu ɗaura aure a rajista su tuna cewa dokar da ke bayansa mace ɗaya ta amince da ita.

Sai batun lafiya, wanda kunya ba ta da hurumi a cikinsa. Idan miji da mata duka suna da rukunin jini na AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai cutar sikila. Jihar Kano ta mayar da gwaji kafin aure doka a 2024, amma mazaunin Abuja ba ya bukatar jiran doka. A yi gwajin tun so bai yi nisa ba, ba sai an buga katin gayyata ba.

Faɗin wannan duka ba rage wa so daraja ba ne. Rage buri ma ba yana nufin haɗiye wulaƙanci ba: haƙuri da ƙaramin albashi daban, haƙuri da duka ko ƙarya ko cin amana daban. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani zai zo. Abin dubawa shi ne ko mutumin da ke gabanka ya iya ba da haƙuri, ya iya cika alkawari, ya iya faɗin gaskiyar abin da ke aljihunsa. Binciken da iyaye suke yi a da, yanzu kaso mai yawa nasa ya dawo kan masoyan da kansu. Wanda ya kasa amsa tambaya a wajen zance, da wuya ya amsa ta ranar da mai gida ya zo karɓar kuɗin haya.