Fitilar birki: Ƙaramar matsalar da direba ba ya gani, amma take jawo babbar asara

Duk ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba ko Nyanya zuwa Sakatariyar Tarayya da sassafe ya san yadda motoci ke bin juna kamar carbi, a tafi kaɗan a tsaya. A irin wannan cunkoso, jar fitilar nan ta baya ce kaɗai ke shaida wa mai biye cewa na gaba ya taka birki. Idan hanya ta buɗe kuwa, kamar a titin Kubwa ko na filin jirgi, motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa allura ta tono garma.

Wahalar ita ce, mai mota ne na ƙarshe da ke sanin fitilarsa ta mutu. Sau da yawa sai jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa sun tsayar da shi, ko kuma an daki motarsa ta baya. Alhali gwajin ba ya cin minti biyu: a sa wani ya tsaya a baya a taka birki, ko a matsa da baya kusa da bango da daddare a duba hasken ta madubi.

Hanyar wutar gajera ce. Daga batir mai bolt 12 take tasowa, ta ratsa fiyus, ta isa wani ɗan makunni da ke saman fedar birki, ta bi waya zuwa ƙwan fitila, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Duk inda ta katse a wannan zagaye, fitila ba za ta kama ba. Saboda haka alamar da aka gani ita ke nuna inda za a fara nema.

Idan gefe ɗaya ne ya mutu, galibi ƙwan ne ya ƙone, ko mazauninsa ya yi tsatsa saboda ruwan damina da ke shiga gidan fitila. A motoci da yawa ƙwai ɗaya ne ke ɗauke da zare biyu: mai wat 5 na hasken dare, da mai wat 21 na birki. Ɗaya na iya tsinkewa ɗayan ya ci gaba da aiki, shi ya sa ganin jan haske a baya da daddare ba hujja ba ce cewa fitilar birki lafiya take.

Idan dukansu suka ɗauke lokaci guda, har da ta ukun da ke saman gilashin baya, to zargi ya koma kan fiyus ko makunni. Ana samun fiyus ɗin a akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari ko kusa da inji, sau da yawa da rubutun STOP a murfin. Idan fiyus lafiya yake, sai a duba makunni da fitilar gwaji: wuta ta shigo ta waya ɗaya a kowane lokaci, ta fita ta ɗayar idan an taka feda. A mota mai giyar otomatik, mutuwar makunnin nan na iya hana giya fita daga P, ko ta hana mota mai maɓallin tayarwa tashi. Mutane da dama kan ɗauka giya ce ta lalace, su shiga fargabar kashe kuɗi masu yawa a banza.

Akwai kuma akasin haka, wato fitilar ta ƙi mutuwa ko da an kashe mota. Yawanci wata 'yar roba ce da ke danne makunnin ta tsufa ta farfashe. Akan ga ɓaraguzanta a kan shimfiɗar ƙafar direba. Motar da ta kwana a haka na iya wayar gari batir ya zuƙe.

Idan kuwa fitilar ta yi dishi-dishi, ko sigina ta riƙa amsawa duk lokacin da aka taka birki, to hanyar komawar wuta ce ta samu matsala. Akan warware ta da kankare tsatsa da ɗaure wayar da ke manne da jikin mota.

Inda haɗari ya fi yawa shi ne fiyus mai yawan ƙonewa. Wannan alama ce cewa wata waya ta feɗe tana taɓa ƙarfe, musamman wajen da murfin but ke lanƙwasa wayoyi. Wasu masu gyara kan sa fiyus mafi girma, ko su haɗa wurin da guntun waya. Yin haka cire mai gadi ne daga bakin ƙofa, domin wayar ce za ta yi zafi a madadinsa, kuma daga nan gobara ke tashi. Launi na taimakawa: ja amp 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Abin da aka cire, irinsa ake mayarwa.

Ga hadiman da ke kula da motocin ofis, da ma'aikacin da ke lallaɓa tsohuwar motarsa har ƙarshen wata, bin wannan tsari na rage asara. Wanda ya isa Apo wajen mai gyaran wayar mota ya ce masa ya duba ƙwai da fiyus, kuma fitila ta uku na kamawa, ba za a fara tsinka masa wayoyi a kan lalube ba. Ya kuma dace kafin a biya kuɗin aiki, mai mota ya fito ya tsaya a baya, a taka birkin yana kallo.